Kunne a Makaranta: Rajistar Sauraren Tsofaffin Faya-fayai

5 ga Janairu

Abin da na ƙudura shi ne in bi wasu daga cikin faya-fayan da masana kiɗa suka daɗe suna kambamawa, kowanne daga salo daban, in saurare shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, in rubuta abin da kunnena ya gaya min tun kafin in karanta ra'ayin kowa. Tarihin faifai sai bayan saurare zan nema. Ba tsallake waƙa, ba mayarwa baya, ba taɓa waya ana cikin kiɗa.

Akwai wani sharaɗi kuma da na ɗauko daga ƙirar faya-fayan kansu. Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar minti 20 da 'yan kai. Mawaƙan lokacin sun san mai saurare zai tashi ya juya faifai a tsakiya, saboda haka da gangan suke zaɓar waƙar da za ta rufe fuskar farko da wadda za ta buɗe ta biyu. A manhajar waya wannan gaɓar ta ɓace. Zan riƙa duba inda fuskar farko ta ƙare in ɗan dakata a nan.

Kayan aiki: waya, iyafis, littafi da biro. A lissafina, data ce kawai za ta ci kuɗi.

7 ga Janairu

Miles Davis, Kind of Blue, 1959. Jaz. Zaman bai yi albarka ba. Iyafis ba ya hannuna, sai na kunna ta lasifikar waya. A waƙar farko, "So What", na ji fiyano ya buga sauti biyu ya yi shiru, ya sake bugawa ya yi shiru, can masu busa suka shigo suna yin haka nan. Tsakanin bugun babu komai sai ɗan gurnani can ƙasa. Na rubuta cewa kiɗan duk ramuka ne. Da dare na sa iyafis don in tabbatar, ashe ramukan nan su ne waƙar. Babban bes na Paul Chambers, wato kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti, shi ke jan baitin, fiyano da masu busa amshi kawai suke yi masa. Lasifikar waya ta yi ƙanƙanta, ba ta iya tura iskar da sauti mai kauri yake bukata. Amshi na wuni ina ji babu mai ba da waƙa. Na soke shafin.

9 ga Janairu

Kind of Blue, wannan karon yadda ya kamata. Waƙa 5 ne, wajen minti 45, babu murya ko ɗaya.

Abu na farko da ya kama ni shi ne bambancin halin masu busar uku a kan kiɗa guda. Miles da tirampet ɗinsa mutum ne mai rowar magana, ya faɗi kalma uku ya bar ka da su. John Coltrane ba ya barin fili, kowane lungu sai ya cusa masa sauti, kamar yana neman wani abu da ya ɓace masa a cikin saksofon. Cannonball Adderley shi ne mai raha a cikinsu. Ban san komai game da ƙa'idar kiɗan ba amma na gane wanda ke magana duk lokacin da aka canja hannu, kuma wannan kaɗai ya riƙe ni har ƙarshe. "Blue in Green" ta fi kwanta min. "All Blues" ta yi min tsawo.

Bayan nan na karanta. An ɗauki faifan a zama biyu, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a sutudiyon Columbia da ke titi na 30 a New York, wanda asalinsa coci ne. Bill Evans ne a fiyano sai a "Freddie Freeloader", inda Wynton Kelly ya zauna. Jimmy Cobb ne a ganga. Natsuwar da na ji tana da dalili: maimakon haɗin sauti ya riƙa canjawa kowane daƙiƙa biyu kamar yadda jaz na lokacin ya saba, "So What" ta zauna ne a kan jerin sauti guda, ta ɗaga kaɗan a tsakiya, ta dawo. Mai busa ba ya tseren kamo canji, sai ya samu sararin gina nasa zancen. Wani abin dariya kuma, na'urar tef ɗin da aka ɗauki fuskar farko da ita ba ta gudu daidai, saboda haka duniya ta shafe shekaru sama da 30 tana jin waƙoƙi uku na farko da ɗan sauri fiye da yadda aka buga su. Sai a 1992 aka gyara.

12 ga Janairu

Marvin Gaye, What's Going On, Mayun 1971. Na ci karo da matsalar da ta fi ta lasifika ciwo. Manhajar da na buɗe, a tsarinta na kyauta, ba ta bin jerin waƙoƙi yadda suke. Ta cakuɗa su, ta kuma cusa talla a tsakani. Na Miles a dunƙule na same shi a wani wurin, shi ya sa ban lura ba. A wani faifan abin da sauƙi, amma wannan yawancin waƙoƙin fuskarsa ta farko ɗinke su aka yi da juna, ganga da bes ba sa tsayawa, wata waƙa na mutuwa wata na tasowa daga cikinta. Ana tsakiyar roƙon a ceci yara sai ga muryar mai talla. Na kashe. Na biya kuɗin wata guda aka cire talla, na sauke faifan a waya. Kuɗin farko ke nan da ba ya cikin lissafi.

Sannan bugun da manhajar ta fara nuna min na bikin cika shekaru ne, mai tarin ƙarin waƙoƙi. Na asali waƙa 9 ne, minti 35 da ɗoriya, kuma da "Inner City Blues" yake rufewa. Daga yau sai na duba jerin asali kafin in kunna komai.

13 ga Janairu

Ya biya kuɗinsa. Faifan ya buɗe da hayaniyar mutane suna gaisawa kamar a wurin taro, sai saksofon ya ratsa. Murya biyu nake ji, duka na Marvin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna bin juna suna gyara wa juna magana. Na ɗauka dabara ce da aka daɗe ana shiryawa. Ashe ɗauka biyu ya yi don ya zaɓi ɗaya, injiniya ya kunna su tare bisa kuskure, ya ji ya ce a bar su haka.

Darasin Chambers bai wuce banza ba, don tun daga waƙar farko na kai kunnena ƙasa. James Jamerson ne a bes ɗinta, kuma ba riƙe lokaci kawai yake yi ba, wata waƙa yake rerawa tasa ta daban a ƙarƙashin ta Marvin. In ka bi shi kaɗai har ƙarshe ba za ka gaji ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne laushin faifan. Maganar yaƙi ake yi, da ƙwaya, da talauci, da gurɓatar iska da teku, amma ba a ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ɗan'uwan Marvin, Frankie, ya dawo daga yaƙin Biyetnam, kuma da idon sojan da ya dawo gida ya tarar da komai ya canja aka rubuta waƙa ta biyu. Berry Gordy, mai kamfanin faya-fayan Motown na Detroit a lokacin, bai so a saki waƙar taken ba. Da ta fita a Janairun 1971 ta samu kasuwa, sai ya ce a yi faifai cikakke. Ƙorafina ɗaya: gogen da aka shimfiɗa a fuska ta biyu ya yi zaƙi da yawa, musamman a "Wholy Holy".

16 ga Janairu

Aiki ya sha kaina. Ba saurare.

19 ga Janairu

The Beatles, Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, 1967. Ana cikin waƙa ta farko ɓangaren hagu na iyafis ya fara katsewa, kafin ta uku ya mutu murus. A waƙoƙin yau wannan ba zai hana komai ba, don murya da ganga da bes a tsakiya ake ajiye su. A haɗin sitiriyo na 1967 kuwa raba kaya aka yi, wasu dama wasu hagu. Sai na tsinci kaina ina jin murya tsirara babu jita a wata waƙar, a wata kuma kiɗa na tafiya mawaƙin yana can nesa kamar daga ɗakin maƙwabta. Na murza wayar iyafis ɗin, na lanƙwasa, na ɗaure da zare, a banza.

Mafita ta zo daga tarihin faifan. A lokacin yawancin masu saye na'urar mono gare su mai lasifika ɗaya, kuma haɗin mono shi ne wanda mawaƙan suka zauna aka yi a gabansu. Na nemo shi na saurara da kunne ɗaya, komai ya dawo wurinsa.

Ra'ayina ba zai yi wa masoyansu daɗi ba. Rabin waƙoƙin wayo ne ya yi musu yawa, nauyi kaɗan. Ana jin mutanen da suka daina wasan dandali a 1966 suka shige sutudiyon Abbey Road suna gwada duk abin da hannunsu ya kai: kiɗan filin wasan yara, kiɗan tsofaffi, kukan dabbobi. Da na karanta cewa da tef mai layi huɗu suka yi, suna tara layuka su zuba a ɗaya don su samu gurbin ƙari, sai na girmama mai tsara musu faifan, George Martin, da injiniyoyinsa fiye da waƙoƙin. Biyu ne suka tsaya min. "Within You Without You" ta George Harrison, da kayan kiɗan Indiya, wadda ta buɗe fuska ta biyu, da kuma ta ƙarshe, "A Day in the Life". A wannan an tara makaɗa 40 aka ce kowa ya taso daga sautin da ya fi ƙasa a kayansa ya hau zuwa na ƙoli. Ko da kunne ɗaya sai da tsigar jikina ta tashi.

21 ga Janairu

Ƙanena ya ara min hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya. "Yaya, aro ne fa," in ji shi. Na yi odar nawa. Kuɗi na biyu da ba ya cikin lissafi, kuma ya fi na farko nauyi.

25 ga Janairu

Black Sabbath, Paranoid, Satumbar 1970. Na shiga da shirin ciwon kai, don ance daga nan kiɗan metal ya samo tushe. Abin da na tarar a hankali yake tafiya, da nauyi, kamar ana jan wani abu a ƙasa. "War Pigs" ta buɗe da jiniyar harin jirgin sama, sannan aka bar mawaƙin, Ozzy Osbourne, shi kaɗai da ɗan kaɗa farantin ganga, jita ta faɗo sau biyu ta yi shiru. Kira da amsa ne, irin na "So What", sai dai da guduma. Mai ganga, Bill Ward, hannunsa na jaz ne ƙarara. Kuma a tsakiyar fuskar farko akwai "Planet Caravan", waƙa mai sanyi da gangar hannu wadda ba wanda zai ce ta wannan ƙungiyar ce.

'Yan Birmingham ne, garin masana'antu a Ingila. Mai jita, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ya guntule masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya ƙera wa kansa hulunan roba yana danna tsirkiya da su. Waƙar taken, wadda ta fi kowace shahara, cike gurbi aka yi da ita a ƙurarren lokaci, kuma ita ce ta fi ba ni gajiya. Muryar Ozzy ba ta da zaƙi ko kaɗan. Na kasa tunanin wata muryar da za ta dace da wurin.

1 ga Fabrairu

Fela Kuti da Africa 70, Zombie. Faifan asali waƙa biyu ne kacal, ɗaya a kowace fuska, kowace minti 12 da ɗoriya. Sauran da ke manhaja ƙari ne na baya.

Na san labarin faifan tun da daɗewa, amma ban taɓa zama na ji shi daga farko ba. Sai an ci minti biyar kafin Fela ya buɗe baki. Da a watan jiya ne da na ƙosa ina jiran waƙa ta fara. Yau na gane cewa ta riga ta fara. Jita biyu suna saƙa, kowace da ɗan guntun zancenta da ba ta canjawa, bes da nasa, masu busa su faɗo gaba ɗaya su janye. A ƙarƙashin duka akwai mai ganga, Tony Allen. Na yi ƙoƙarin bin hannunsa na kasa gane inda bugu na ɗaya yake. Gaɓoɓinsa huɗu kowace da abin da take faɗa, kuma bai taɓa dukan ganga da ƙarfi ba. Duk wutar da ke cikin waƙar, shi a sanyaye yake.

Lokacin da murya ta shigo, umarnin fareti Fela yake bayarwa, mata 'yan amshi suna mayar masa da kalma ɗaya. Izgili ne ga sojan da ba ya motsi sai an ce ya motsa. Abin yana ba da dariya har sai ka tuna abin da ya biyo baya. A Fabrairun 1977 sojoji kimanin 1,000 suka far wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti daga tagar bene, ta rasu a Afrilun 1978. A nan dokata ta kada a san tarihi kafin saurare ba ta yi aiki ba, kuma ban ga yadda za ta yi ba.

Hedfon ɗina ya iso. Na mayar da na aro.

6 ga Fabrairu

Bob Marley and the Wailers, Exodus, Yunin 1977. Wata matsala sabuwa: ba a yi wa waƙar da ka taso kana ji sauraren farko. Fuska ta biyu, daga "Jamming" zuwa "Three Little Birds" da "One Love", ta riga ta zama iska, tana shiga kunne ta fita ban rubuta ko kalma ba. Fuskar farko ce baƙuwa. "Natural Mystic" daga shiru take tasowa a hankali, har na ɗauka hedfon ne ya samu matsala. Waƙoƙin da suka biyo ta duhu gare su, na mutumin da aka harba a gidansa a Kingston ranar 3 ga Disamba 1976, ya hau dandali bayan kwana biyu, sannan ya bar ƙasar ya tafi Landan inda aka ɗauki faifan. 'Yan'uwa biyu ne ke riƙe da ginin, Aston Barrett a bes, Carlton Barrett a ganga. Aston yana da wata ɗabi'a ta yin shiru a daidai inda kake jiran sauti, sai jikinka ya cike gurbin da kansa.

10 ga Fabrairu

Kraftwerk, Trans-Europe Express, 1977, daga Dusaldof a Jamus. Na'urori zalla, murya kamar ta mai karanta sanarwa. Fuskar farko ba ta ce min komai ba. A ta biyu, inda aka kwaikwayi tafiyar jirgin ƙasa aka zarce da dukan ƙarafa, na ɗan farka, amma ba zan ce na ji daɗi ba. Na san Afrika Bambaataa ya ɗauki karin waƙar taken ya sa a "Planet Rock" a 1982, na san da yawa daga kiɗan rawa na yau jikokin wannan faifan ne. Girmamawa daban, so daban. Na sa masa alamar a dawo.

14 ga Fabrairu

Data ta ƙare tun kafin wata ya raba. Sauke faya-fayai da ingancin sauti mafi girma ne ya cinye ta. Na rage zuwa matsakaici, ban ji bambanci ba.

17 ga Fabrairu

Nas, Illmatic, Afrilun 1994. Gambarar zamani. Waƙa 10, bai kai minti 40 ba, babu kitse ko kaɗan. Ƙarar jirgin ƙasa ce ta buɗe shi.

A nan tsarina ya karye. Turancin titi ne na Queensbridge, wata unguwa a New York, da sauri, da saye, kuma abin da na kama bai kai rabi ba. A jaz rashin kalma bai dame ni ba. A nan kuwa kalmar ce kayan kiɗan. Zama na farko na bar ma'ana na bi sauti kawai, kuma ko a haka akwai abin ji: yaron, yana ɗan shekara 20, ba ya ajiye amsa-amo a ƙarshen layi kaɗai, cikin layin yake cusa shi biyu uku, ya ƙetare iyakar bugu ya sauka inda ba ka zata ba. Kiɗan kuma gutsattsarin tsofaffin faya-fayan jaz da sol ne da DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip da L.E.S. suka yanko suka jujjuya, har da ƙurar faifan. A ƙarshen waƙa ta uku wani ƙaho mai taushi ya shigo, mahaifinsa ne Olu Dara ke busawa.

Zama na biyu na yi da rubutun baitocin a gabana. Ya zama wani faifan daban: wasiƙa zuwa ga aboki a kurkuku, lissafin waɗanda aka kashe, yaro mai ganin bai da tabbacin kai wa gobe. Na gyara doka. In harshe ya tsaya min a hanya, zama biyu zan yi, na farko da kunne, na biyu da takarda.

22 ga Fabrairu

Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, "Enta Omri", 1964. Waƙa ɗaya ce, amma ta fi yawancin faya-fayan da na ji tsawo. Wahalar farko ita ce zaɓe, don ɗauka daban-daban ne ke yawo, wani na sutudiyo wani na dandali, tsawonsu ba ɗaya ba. Na ɗauki na dandali mai kusan awa guda.

Gabatarwar kiɗa kaɗai ta ci mintuna masu yawa, har da jita mai lantarki a tsakiyar goge da ƙanun, abin da mai tsara kiɗan, Muhammad Abdul Wahab, ya shigo da shi a wannan haɗuwarsu ta farko. Da ta fara, sai na gane dalilin tsawon. Baiti ɗaya za ta rera, jama'a su ɓarke da ihu, makaɗa su koma baya, ta sake rera shi da wata lanƙwasa daban, ta riƙe harafi ɗaya ta ja shi har sai an roƙe ta. Masu saurare suna cikin makaɗan, su ke yanke yawan maimaicin. Dokata ta hana mayarwa baya, ga shi a zauren Alƙahira mayarwa bayan ita ce waƙar. Ba mamaki wasanta na Alhamis ɗin farkon kowane wata da rediyo ke watsawa ya riƙa cinye dare.

1 ga Maris

Glenn Gould, mai fiyano, Goldberg Variations na Bach. Ɗauka biyu ce, kuma na ji su a jere, abin da ya cinye min yamma guda.

Bach ya wallafa aikin a 1741: waƙa mai taushi a farko, juyi 30, sannan waƙar farkon ta dawo. Na fara da ɗaukar 1955, Gould yana ɗan shekara 22, minti 38 da 'yan kai. Gudu ne kamar ana korarsa, kowane sauti a rarrabe tsaf, amma na yi ta neman karin waƙar farko a cikin juye-juyen ban same shi ba. Na rubuta tambaya: juyin me ake yi? A ta 1981, mai minti 51, ya rage gudu sosai, waƙar buɗewa da ya gama cikin ƙasa da minti biyu a da yanzu ta kai uku. A nan hannun hagu ya fito fili, na ji amsar da kaina kafin in karanta ta. Ba karin sama Bach yake juyawa ba. Tafiyar bes ce mai gaɓa 32, ita ce ke nan daram a ƙarƙashin duka talatin ɗin, sama kuwa kowane juyi da irin rigar da ya sa. Wata biyu ke nan faya-fayai daga New York da Detroit da Legas da Kingston suna tura kunnena ƙasa, ga wani Bajamushe na ƙarni na 18 ya gina awa guda a kan wannan.

Juyi na 25 ya fi komai tsaya min, a hankali, mai ɗaci, kamar ba daga cikin aikin yake ba. Gunagunin Gould kuwa, don yana rera abin da yake bugawa a ƙasan maƙoshi kuma makirufo ya kama, ya dame ni a farko, daga baya na daina jin sa. Ya bar wasan dandali tun 1964 ya koma sutudiyo kaɗai. Ɗaukar biyun duka a cocin nan na titi na 30 aka yi su, inda Miles ya yi nasa. Ya rasu a Oktoban 1982 yana da shekara 50, jim kaɗan bayan fitar na biyun. Na 1981 na zaɓa.

5 ga Maris

Joni Mitchell, Blue, Yunin 1971, wata guda bayan na Marvin Gaye. Na zo da sabuwar dabarata ta kai kunne ƙasa, na tarar ba kowa a can. Ganga da bes kaɗan ne ƙwarai. Murya ce, da fiyano ko jita ko wani ɗan molon Amurka da ake ɗorawa a cinya. Dole na dawo sama.

Muryar tana tsalle daga ƙasa zuwa ƙoli ba gargaɗi, kuma tana cusa kalmomi fiye da yadda layin zai ɗauka, kamar mai ba da labari da sauri kada ta fasa. Waƙoƙi biyu na farko sun takura ni. Daga "Little Green" na sallama, tun ban san cewa game da 'yar da ta haifa a 1965 ta bayar riƙo ba ce. Jitarta ma ba ta yi kama da ta kowa ba. Shan inna ya raunana mata hannun hagu tana yarinya, sai ta riƙa sake ɗaurin tsirkiyoyin yadda yatsunta za su iya. Ita da Iommi, hannu ne ya ƙi, sautin ya fito daga nan.

9 ga Maris

Zangon farko ya ƙare. Na sabunta kuɗin manhaja, na ƙara data. Hedfon lafiya lau.

Canje-canje a zango na biyu: faifai ɗaya a mako, don biyu sun yi yawa, ɗaya yana shafe ɗaya. Kowane faifai zai samu zama na biyu bayan kwanaki, in rubuta a shafin da ke kallon na farko. Kraftwerk ne zai fara cin wannan gajiyar.

Jerin da ke gaba: A Love Supreme na Coltrane, don in ji abin da yake nema a 1959 ko ya same shi a Disambar 1964. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, wanda shi ma ɗinkakke ne, sai an sauke shi tukuna. At Folsom Prison na Johnny Cash, da aka ɗauka a gaban fursunoni a Janairun 1968, saboda Ummu Kulsum ta sa ina son ƙarin faya-fayan da jama'a ke ciki. Buena Vista Social Club, da aka ɗauka a Habana a 1996. Thriller na Michael Jackson na cire shi, matsalar Exodus ce za ta maimaitu. A gurbinsa na sa Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, 1994, kuma zan yi masa zama biyu irin na Nas in na samu fassarar baitocin.